Wa Ya Naɗa Inji Alƙalin Muryar Mawaƙi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, muna ta sauraro ko wani daga cikin manazarta waƙa zai tanka a shafukan wannan mujalla tamu, amma shiru kake ji, kamar malam ya ci shirwa. Maganar kuwa ita ce ta manhajar nan ta kwamfuta wadda ke sauraren muryar mawaƙi, ta auna kaifinta, wato yadda take hawa da yadda take sauka, sannan ta yanke hukunci cewa nan ya yi daidai, can kuwa ya kauce. A yau da wuya waƙar Hausa ta fito daga situdiyo, a Kano ne ko Kaduna ko Jos, ba a bi ta kan muryar mai ita da wannan manhaja ba. Waƙar fim ce, ko ta siyasa, ko ta biki, kai har da ta bege, duk kanwar ja ce. Kunna rediyo ka saurara, sai ka zaci mutum ɗaya ne ya rera su duka, shi ma ɗin ta cikin bututun ƙarfe.

Tun kafin a yi mana mummunar fahimta, bari mu faɗi matsayinmu. Mu ba mu da gaba da inji. Ƙorafinmu shi ne an ɗauko mudun wata kasuwa ana auna mana hatsinmu da shi, abin da ya yi tozo a share shi ƙasa, inda bai cika ba a cike da ƙaiƙayi, sannan a ce mana wai an gyara. Abin da ya fi wannan ciwo kuma shi ne, wannan inji da muka naɗa alƙali asalinsa ma'auni ne, kuma da mun bar shi a matsayinsa da ya yi wa adabinmu hidimar da alƙalami da takarda suka kasa yi masa.

Yadda injin yake ji

Ya kamata mai karatu ya san abin da muke magana a kansa, don kada ya zaci wani siddabaru ne. Idan mutum ya ɗaga murya, iskar da ke fitowa daga huhunsa tana kaɗa tantanin maƙwallatonsa, yana buɗewa yana rufewa da sauri ƙwarai. A maganar yau da kullum, na namiji baligi yakan kaɗa kamar sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa sau 200 ko fiye. Gwargwadon saurin kaɗawar, gwargwadon kaifin muryar. Idan adadin ya ninka, alal misali daga 200 ya koma 400, kunne yakan ji amo ɗaya ne aka maimaita a sama, kamar yadda babba da yaro kan rera rauji ɗaya, kowa da girman maƙogwaronsa.

Aikin manhajar shi ne ƙirga wannan kaɗawa. Takan yanyanka sautin da aka ɗauka gutsi-gutsi, galibi kamar gutsure 100 a kowace daƙiƙa, ta gwada kowane gutsure da kansa tana ɗan gusar da shi har ta gano inda sautin ya maimaita kansa, sai ta rubuta lamba. In aka jera lambobin, sai su zama wani zare mai hawa da sauka a fuskar kwamfuta, shi ne sawun da muryar ta bari.

Ba yau aka fara neman wannan sawu ba. A shekarun 1950 wani masanin kiɗa Ba'amurke, Charles Seeger, ya sa aka ƙera na'urar da ke zana raujin waƙa a kan takarda, domin ya lura cewa alamomin rubuta kiɗa na Turawa ba sa iya ɗauke duk abin da ke cikin waƙoƙin sauran al'ummu. A farkon shekarun 1990 Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam da ke ƙasar Holan suka fara gina Praat, wadda masu nazarin furuci ke amfani da ita har yau, kuma kyauta ake samunta. A 2002 Alain de Cheveigné da Hideki Kawahara suka fito da hanyar lissafin da suka kira YIN. A 2018 wasu masana a Jami'ar New York suka fito da CREPE, wadda ita koya mata aka yi da ɗimbin misalai har ta iya. Duk waɗannan awo kawai suke yi, su ba ka lamba su yi shiru.

Wanda ya ƙara taki ɗaya shi ne Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi shekaru yana fassara amon da ake aikawa cikin ƙasa wajen neman man fetur. A 1997 kamfaninsa Antares ya fito da Auto-Tune. Ita in ta auna ba ta tsayawa nan, sai ta duba wane maɓallin fiyano ne ya fi kusa da inda muryar take, ta fizgo ta ta ɗora a kansa. Akwai makunnin da ke nuna mata saurin fizgar. In an sassauta shi, da wuya kunne ya gane an taɓa muryar. In aka ƙure shi kuwa, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki babu gangara, ta koma kamar ta ɗan aljani. Duniya ta fara jin irin wannan a 1998, a waƙar Believe ta mawaƙiyar Amurka mai suna Cher. Can ma abin ya zama yayi, amma su da sauƙi, domin mudun nasu ne, harshensu kuma ba mai karin sauti ba ne.

Mudun wa?

A jikin fiyano, tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa an raba ta gida 12 daidai wa daida. Wannan rabo mutane ne suka yi shi, kamar yadda mutane ne suka zauna a Landan a 1939 suka amince cewa amon da za a riƙa saita kayan kiɗa a kansa shi ne mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Yarjejeniya ce, kamar yadda 'yan kasuwa kan amince da girman tiyarsu, kuma kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba. Su kansu Turawan sun san da haka. Tun a 1885 wani Baturen Ingila, Alexander Ellis, ya raba waccan tazara gida 1200 don ya sami ma'auni mai ƙananan ramuka, ya auna matakan kiɗan Larabawa da Indiyawa da mutanen Sin da Jafan da Jawa, ya ƙare da cewa matakan kiɗa ba iri ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma da nata. A 1932 kuma aka yi babban taro a Alƙahira a kan kiɗan Larabawa, aka tafka muhawara a kan ko fiyano ya dace da kiɗansu, domin suna da amo da yawa da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli. Su sun zauna sun yi gardama a kan mudun. Mu yaushe muka zauna?

Dubi kayan kiɗanmu. Goge da kukuma da gurmi da garaya da kuntigi, babu wanda aka gitta wa ƙarafa a wuya don a tilasta wa yatsa inda zai sauka. Kunnen makaɗi ne ke nuna wa yatsa wuri. Kalangu kuwa, da matse tsarkiyarsa a hammata ake sa shi hawa da sauka, yana zamewa daga amo zuwa amo kamar yadda harshe ke yi, shi ya sa yake iya magana har ya kira sunan mutum ya juyo. A kan waɗannan kaya muryar mawaƙin Hausa ta girma. Don haka idan aka zuba waƙar Alhaji Mamman Shata a cikin manhaja, aka ga muryarsa ta tsaya tsakanin maɓalli biyu, abin da aka gano shi ne fiyano ba shi da maɓalli a wurin. Wanda duk ya dubi wannan zare ya ce Shata ya kauce, to, shi ne ya kauce.

Abin da Hausa take asara

Ga ɗalibin Hausa wannan magana ba ta tsaya ga daɗin kunne ba, domin harshenmu da kaifin murya yake rarrabe ma'ana. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa duka suna sama, kuka ta miya kuwa ta fara sama ta sauka ƙasa. Wuya na jiki ya fara sama ya sauka, wuya ta wahala ta fara ƙasa ta hau. Baba mahaifi daban, baba gwaggo daban, baba na rini daban. Ko a nahawu, ɗan guntun nan «ya zo» yana iya zama labari, ko umarni, ko alkawarin zuwa, gwargwadon tsawon wasalin da kuma karin da aka ɗora wa «ya», sama ne, ko ƙasa, ko faɗau. Rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Murya ce kaɗai take ɗauke da su.

Mawaƙanmu sun san wannan tun kafin a ba shi suna a aji. A 1972 wani manazarci, Paul Richards, ya bi wata waƙar Hausa gaɓa-gaɓa yana gwada karin kalma da rauji, ya tarar ba kasafai raujin ke hawa a inda kalma ke sauka ba. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa marubuta waƙoƙinmu, bayan amsa-amon harafi, suna kuma daidaita karin gaɓoɓin ƙarshen layi, abin da ɗalibai suka sani yanzu da amsa-amon kari. Ashe ke nan a waƙar Hausa kalma ce ke gaba, rauji na biye da ita kamar bara da ubangidansa.

To, me ya faru? A 1990 aka fito da Turmin Danya a Kano, harkar finafinan bidiyo ta kankama. Daga tsakiyar shekarun nan fiyanon lantarki na kamfanin Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa, kuma bayan Sangaya ta 1999 sai kowa ya kama hanyar. Makaɗa biyar suka koma yatsu goma na mutum ɗaya. Aka juya tsari: a fara ɗauko rauji, sau da yawa daga fim ɗin Indiya, sannan a nemo kalmomin Hausa a cusa a ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. A nan aka fara karya wuyan kalma, kuma wannan ba laifin manhaja ba ne, laifin mai aron rauji ne. Amma a da, ko an ari raujin, harshen mawaƙi yakan yi gardama, ya ɗan lanƙwasa amon ya karkata wajen karin kalmar, domin bakin Bahaushe ba ya son faɗin kuka ta miya a wurin kukan hawaye. Wannan 'yar gardama ita ce manhajar ta zo ta kashe. Ita ba ta san kalma ba, maɓalli ta sani. Duk lanƙwasar da ta gani kuskure ce a wurinta, sai ta miƙar da ita. Karin faɗau, wanda gangarowa yake yi a cikin gaɓa ɗaya, sai ta datsa shi ya koma matakala. Karya murya, da jan gaɓa, da 'yar rawar maƙogwaron da mawaƙi ke sa tausayi ko izgili da ita, duk sai ta bi ta goge, ta maye gurbinsu da tata rawar ta ƙarfe.

Da wannan kuma aka tafi da kamannin mutum. Wa zai ji Shata ya ce Ɗanƙwairo ne? Wa zai ji Ɗanmaraya Jos ya ce Haruna Uji ne, ko ya ji Barmani Choge ya ce Uwaliya Mai Amada ce? Tun kafin su gama layin farko an gane su, kuma wani babban kaso na abin da ake gane su da shi yana cikin yadda kowannensu ke isa ga amo, wani ya faɗo masa daga sama, wani ya rarrafo daga ƙasa, wani ya tsaya dab da shi ya ƙi ƙarasawa. Wurin nan ne daidai manhajar take sa reza. Har ta kai a 2013, da wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin finafinanmu a faifan da ya kira Harafin So, muryar inji tana cikin manyan abubuwan da aka tallata faifan da su. Abin da baƙo ya ɗauka tambarinmu ke nan.

Kada a zaci abin ya tsaya a birni. A nan Toranke da sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya, bikin da a da sai an nemo mai kalangu, yau yaro ɗaya da lasifika biyu da janareto ya wadatar. Injin niƙa ya riga ya tafi da waƙar niƙa, dandali ya yi shiru, gaɗa ta zama sai an roƙa. Mu da muke tsayawa gaban allo muna ganin sakamakon. Ka ba ɗalibi rubutacciyar waƙa ka ce ya rera, sai ya matse hanci, ya riƙa kakkarya murya yana kwaikwayon tsallen injin da maƙogwaronsa na ɗan Adam. An ƙera inji don ya kwaikwayi mutum, ga shi ɗan mutum yana wahalar kwaikwayon inji. Yaron nan ba shi da laifi. Abin da kunnensa ya sha tun yana goye shi ne daidai a wurinsa, kuma ranar da aka sa masa Narambaɗa cewa zai yi tsohon bai iya saita murya ba.

Masu cewa zamani ne

Mun san amsoshin da za a ba mu, kuma ba za mu raina su ba. Na farko za a ce zamani riga ne, Shata ma ai ya shiga situdiyo ya tsaya gaban makirfo. Gaskiya ne. Amma makirfo da faifai da kaset ɗauka suka yi suka adana, ba su ce masa ga inda muryarka za ta tsaya ba. Akwai bambanci tsakanin mai ɗaukar hoto da wanzamin da zai yanke maka hanci don ya yi daidai da na hoton wani.

Na biyu za a ce salo ne, matasa suna so, kuma dubban mutane na cin abinci a harkar. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a rufe wa wani hanyar tuwo. Wanda ya zaɓi muryar inji da gangan a wata waƙa don ta dace da abin da yake nufi, fasaharsa ce, ba mu da ta cewa. Amma salo sai da zaɓi. Idan yaro ya shiga situdiyo ya tarar an riga an ƙure makunnin tun kafin ya buɗe baki, bai ma san ana iya sassauta shi ko a kashe shi ba, wannan ba shi ya zaɓa ba. Galibi ma dalilin ba fasaha ba ne, sauri ne. Maimaita ɗauka sau goma har murya ta zauna yana cin lokaci da man janareto, manhaja kuwa nan take za ta rufe aibin.

Na uku za a ce ta buɗe ƙofa ga masu basirar tsara baiti waɗanda Allah bai ba su murya ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu marubuta, domin da yawa daga cikin masu rubuta waƙa yanzu situdiyo suke nufa da takardarsu. Sai mu tambaya: su Alhaji Aƙilu Aliyu da Alhaji Mudi Sipikin da zaƙin murya suka yi suna? Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, wadda makafi suka yi ta yawo da ita gari-gari, kowa da irin muryarsa, ta rasa masu saurare? Abin da Bahaushe ke nema a bakin mai rera rubutacciyar waƙa shi ne ya ji kalma ta fita sarai, kari ya zauna, ma'ana ta ratsa shi. Marubucin da ya kai baitinsa aka markaɗa shi har mai sauraro ya kasa tsintar kalmomin, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ɗaya fuskar injin

Yanzu bari mu juyo kan namu laifin, mu masu alƙalami da malaman adabi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru muna nazarin waƙar baka kamar rubutacciya ce. Mu juye kaset a takarda, mu fitar da jigo da salo da zubi, mu rufe littafi. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun ba rauji matsayinsa a cikin abubuwan da ake dubawa, amma mu da muke koyarwa mukan wuce shi da jimla ɗaya, mu ce waƙar tana da rauji mai daɗi. Daɗi kamar yaya? Ina ya hau, ina ya sauka, da nawa? A da muna da uzuri, domin babu ma'auni. Yanzu ma'aunin yana nan kyauta, ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, amma mun bar shi a hannun mai gyaran murya shi kaɗai.

Ga tambayoyi nan jibge suna jira. Matakai nawa Ɗanƙwairo yake hawa, kuma ina suke tsayawa in an gwada da na Salihu Jankiɗi? Shin muryar Shata ta shekarun 1960 da ta shekarun 1990 a wuri ɗaya suke sauka? Yaya 'yan amshi suke karɓar amo daga bakin jagora? Da me raujin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara ya bambanta da na 'yan matan gaɗa na gabashin Kano? A wane wuri mawaƙi yake yarda rauji ya danne kalma, a wane wuri kuma yake ƙi? Irin wannan aiki ba mafarki ba ne. A 2019 aka buga binciken Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, inda suka auna tsawon gaɓoɓi a bakin masu rera waƙoƙin Hausa na karin rajaz. Daga Amurka suka yi wannan, mu da muke kwana muna tashi da masu waƙar muna kallo.

Sai dai a sani, injin ma ɗalibi ne, kuma ba a makarantarmu ya yi karatu ba. Yawancin waɗannan manhajoji murya ɗaya tilo aka gina su su saurara. In kalangu ya shigo, shi ma da nasa hawa da sauka, ko 'yan amshi suka hau kan muryar jagora, sai manhajar ta rikice, ta bar mutum ta bi ganga. Wani lokaci takan ba da ninkin lambar ko rabinta. Tsohon kaset ma yana da nasa sharrin, domin in saurinsa ya ƙaru da kashi 6 cikin 100 kacal, amon ya hau da maɓalli guda cur, ga shi kuwa da yawa daga cikin abin da muka gada da rikoda mai batir aka ɗauka. Sababbin manhajojin kuma da misalai ake koya musu, da misalai ake jarraba su. Ɗaya daga cikin sanannun tarin da ake wannan aiki da shi, mai suna MIR-1K, gutsattsarin waƙoƙi 1000 ne na zamani cikin harshen mutanen Sin. Wanda bai taɓa jin kotso ba, yaya za a karɓi shaidarsa a kan makaɗin kotso ba tare da an tantance ba? Dole mai kunnen Hausa ya zauna kusa da injin, ya ce nan ka ji daidai, nan kuwa ganga ka bi.

Wasu sun riga sun yi wa kansu wannan gata. Daga 2011 zuwa 2017, a wata jami'a da ke Barsalona, Xavier Serra ya jagoranci wani shiri mai suna CompMusic, inda aka tara waƙoƙin gargajiya na arewaci da kudancin Indiya, da na Turkiyya, da na Larabawan Magrib, da na wasan kwaikwayon birnin Beijin, aka gina ma'aunai da suka dace da kowannensu, tare da masanan waɗannan kaɗe-kaɗe. Indiyawan da muke aron raujinsu sun auna nasu da mudunsu. Mu kuwa mun ari raujin Indiya, mun auna shi da mudun Turai, mun cusa Hausa a ciki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin yi

Ba mu rubuta wannan don mu yi kuka mu share hawaye mu tashi ba. Kiranmu na farko ga sassan Hausa na jami'o'inmu ne, musamman Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejojin horon malamai: a sa awon murya cikin darasin waƙar baka, yadda ɗalibin da zai rubuta kundi a kan mawaƙi zai nuna mana sawun muryarsa, ba kalmominsa kaɗai ba.

Na biyu, taskokin da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai, irin su gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano da takwarorinsu na Yamai, su juye abin da ke hannunsu zuwa kwamfuta yadda yake, da ƙurarsa da tarinsa. Kada wani mai rawar kai ya ce zai gyara wa Narambaɗa murya. Ranar da aka yi haka an ƙona shaida.

Na uku, mu malaman makarantun karkara, wayar da ke aljihunmu rikoda ce. Tsofaffin matan da suka san waƙar niƙa da ta daɓe da ta reno suna nan a Toranke da Balare da Gafasa da Gurduba, amma ba za su dawwama ba. A nemi izininsu da na mazajensu, a ɗauke su a wuri mai shiru, murya ɗaya babu kiɗa, a rubuta gari da shekara da kalmomin. Irin wannan ɗauka ita ce ma injin ya fi iya aunawa, kuma da irinta ne wata rana za a koya masa Hausa.

Na huɗu, masu situdiyo, ku ji tsoron Allah ku tambayi mawaƙi kafin ku taɓa masa murya, ku kuma ajiye masa ainihin abin da ya rera kafin gyara. Ku kuma 'yan'uwa marubuta, in kun kai baiti, ku saurara da kunnen mai harshe. Duk inda kalma ta karye ku ce a sake, ko da za a ƙara kuɗin mai.

Na ƙarshe, ƙungiyarmu ta ware wani zama a taronta na shekara don rera waƙa da murya tsura, babu fiyano babu gyara, a gayyato ɗaliban sakandare su ji da kunnensu.

Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala suna neman tama. Jikokin maƙera bai kamata su ji tsoron ƙarfe ba, bai kuma kamata su bar shi ya juya su ba, domin a maƙera mai riƙe da guduma shi ke faɗin abin da ƙarfe zai zama. Muna jiran martanin masu situdiyo da na malamanmu a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.

Daga Toranke, Ƙaramar Hukumar Ajingi, Jihar Kano.